Tashar da Ba Ta da Ɗan Kamasho

'Ya'yana, makon jiya ɗan ƙanwata ya zo yi mini sallama, ya samu gurbin karatu a Ingila. Muna zaune a zaure bayan la'asar na tambaye shi yadda zai yi daga filin jirgin sama ya kai masaukinsa. Ya ce, "Kawu, tasi zan ɗauka. An ce jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa ɓatar da baƙo yake yi." Na ce da shi ya gyara zama. Hirar da muka yi har aka kira magariba ita nake so in maimaita muku, domin na san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan fargabar ba. Na gan ta wurin ɗalibai, na gan ta wurin 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Dubai da Sin, na gan ta wurin masu rakiyar marasa lafiya zuwa Alƙahira da Indiya, kuma na ga yadda take cinye wa mutum guzuri tun bai yi abin da ya kai shi ba.

Fargabar tana da dalili, ba na ganin laifin mai ita. Mu a gida tasha da baki take aiki. Kafin ka sauke jakarka daga a-daidaita-sahu 'yan kamasho sun kewaye ka: "Alhaji, ina zuwa? Zariya ce? Saura mutum ɗaya!" Mota tana nan tsaye sai ta cika. A hanya ka ce akwai mai sauka, direba ya taka birki ko a gindin bishiya ne. To ka ɗauki wanda ya tashi cikin wannan ka ajiye shi a tashar da babu mai kiran gari, jirgi ba ya jiran kowa, ba ya tsayawa don an roƙe shi, mutane kuma na wucewa kamar an koro su. A Dubai ma, inda aka buɗe nasu a 2009, jirgin ba shi da direba sam, na'ura ce ke tuƙa shi. Dole zuciya ta tsinke. Amma ku lura da abu guda: duk abin da ɗan kamasho ke faɗa da baki, a can an rubuta shi a bango, a rufi, a ƙasa, da goshin jirgin kansa. Aikin da kunne ke yi muku a gida, ido zai karɓa. Wanda ya gane wannan ya yi rabin karatun.

Zuwana Landan na farko, sama da shekara talatin ke nan, na yi kwana goma ina kewaye bakin tashoshin nan kamar bakin rijiya. Inda ƙafa za ta kai in taka, inda ba za ta kai ba in biya tasi, kuɗin da aka ba ni na wata guda suna ta zaizayewa. Wani dattijo ɗan Sudan da muke haɗuwa da shi a masallacin Regent's Park ne ya lura da halin da nake ciki. Ranar wata Juma'a bayan an idar ya kama hannuna, ya sauka da ni tashar Baker Street, ya tsayar da ni gaban taswira. Bai hanzarta ba. Ya sa na nemo da yatsana inda muke, na nemo inda nake kwana, na bi zanen da ya haɗa su. Allah ya saka masa da alheri, duk jirgin da na shiga a duniya bayan wannan rana yana da lada a ciki.

Taswirar nan ku ba ta lokacinku. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shi ne na farko a duniya, an buɗe shi a 1863, yau yana da layi 11 da tasha 272, amma duk an tattara su a takardar da za ta shiga aljihun riga. Wani ma'aikaci mai suna Harry Beck ne ya zana ta, aka fara raba wa jama'a a 1933, kuma birane da yawa salonsa suka bi. Kowane layi da launinsa: Central ja, District kore, Northern baƙi, Piccadilly shuɗi mai duhu. Inda layi biyu suka haɗu an yi da'ira, nan ake canjin jirgi. Sai dai ku sani taswirar ba ta auna nisa, jerin tashoshi kawai take nunawa. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba, kafin ka sauka ƙasa ka jira jirgi ka sake hawowa, mai tafiya a ƙafa ya riga ka isa.

Gano layi ba shi da wuya. Inda baƙo ke faɗuwa shi ne fuskar da jirgi ya nufa, don haka nan zan daɗe. Kowane layi bakinsa biyu ne, jirage na kai da komowa a kansa, kuma sunan tashar ƙarshe shi ne sunan fuskar. A Alƙahira, wadda ta riga duk biranen Afirka samun irin wannan jirgi a 1987, idan kana tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir a layi na ɗaya, allo zai ce maka Helwan ko El Marg. Ba can za ka ba, amma dole ka san wanne daga cikinsu ne ke bayan tashar da kake nema. Haka yake a Faris, haka yake a Istambul, haka yake a Delhi. A Landan sukan ƙara da cewa jirgin ya nufi gabas ko yamma, kudu ko arewa. Kafin ka taka matakalar da za ta kai ka dandamali, tsaya gefe, sa yatsa a tasharka, ja shi har ƙarshen layi, riƙe sunan da ka tarar a can.

Akwai kuma layin da ke rabuwa biyu kamar reshen bishiya, kuma shi ya taɓa kama ni. Na tashi tarbar baƙo a filin jirgin sama na Heathrow, na shiga layin Piccadilly, fuska daidai, launi daidai, hankalina kwance. Ban san cewa a Acton Town layin ya rabu ba, reshe ɗaya ya yi Heathrow, ɗaya ya yi Uxbridge, kuma ban ɗaga kai na karanta abin da ke rubuce a goshin jirgin ba. Sai da muka tsaya a Ealing Common na ga sunan ba ya cikin waɗanda na rubuta a takardata. Gabana ya faɗi ƙwarai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga ina jujjuya takarda, na nuna mata, ta ce in sauka nan, in haye ɗaya dandamalin, in koma baya tasha ɗaya. Abin da kuskuren ya ci mini bai wuce kwata na sa'a ba. Na ba ku wannan labari ne don ku san girman abin da kuke tsoro. A cikin gari, wanda ya shiga jirgin da ba nasa ba sauka zai yi a tasha ta gaba ya juyo, kuma galibi muddin bai fita ta shingen tikiti ba, ba a sake cajinsa. Haka wanda jirgi ya tashi ya bari, kada ya yi gudu, kada ya cusa hannu a ƙofa. A layin Victoria, lokacin fita aiki, jirgi 36 ke wucewa cikin sa'a guda. Kafin ka gama jin haushin wanda ya tafi, wani ya iso.

Abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne ƙofar fita. Babbar tasha tana iya samun mafita shida ko goma, kowacce ta ɓulla wani titi dabam, wani lokaci da babbar hanya a tsakaninsu wadda ba a tsallakawa. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun san wannan. Wanda zai sauka Xiaobei a layi na 5, unguwar da 'yan Afirka suka fi taruwa, ko Sanyuanli a layi na 2, ba ya wadatuwa da sunan tasha, sai ya tambayi harafin ƙofar, A ce ko B ko D. Don haka idan mai masaukinku ya ce ku sauka tasha kaza, ku ce masa, "Ta wace ƙofa zan fito?" Ku kuma koyi kalmar fita a harshen garin tun kuna gida: Way out a Landan, Sortie a Faris, Ausgang a Jamus.

Sai maganar kuɗi. Yawancin manyan birane sun koma kati: Oyster a Landan tun 2003, Nol a Dubai, Istanbulkart a Istambul. Ka zuba masa kuɗi, ka ɗora shi a kan na'ura shinge ya buɗe. A Landan katin banki ma yana yi, motocin bas ɗinsu kuwa sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A jirgin Landan da na Dubai, ka taɓa kati wurin shiga, ka taɓa wurin fita, ko da ka tarar da shingen a buɗe, domin idan na'ura ba ta ga inda ka sauka ba kuɗi mafi yawa za ta cire. Da abin da ka shiga da shi za ka fita: in waya ce waya, in kati ne kati. Kowane baligi da nasa, ba a miƙa wa na baya. A Guangzhou na'ura kan ba da wani ɗan faifan roba kamar kwabo, a taɓa shi a shiga, a jefa shi a rami a fita, saboda haka kada a bar yaro ya yi wasa da shi ya ɓace.

A nan ina so ku ba ni hankalinku sosai. A Jamus za ku shiga tasha ku ga babu shinge, babu mai gadi, babu mai tambayar tikiti. Mutum na iya shiga jirgi ya fita ba wanda ya ce masa kanzil. Za ku samu wanda ya riga ku zuwa, wataƙila ma ɗan gida, ya ce muku, "Kai, bar kuɗinka, ba a dubawa." Kada ku saurare shi. Ana dubawa, masu dubawar sau da yawa cikin kayan gida suke, sai ƙofa ta rufe su fito da shaidar aiki, tarar kuma Yuro 60 ce, kuma wanda aka yi ta kamawa maganarsa na iya kaiwa kotu, abin da ɗalibi mai zama da biza ba zai so ba. Amma ko da ba a taɓa dubawa, hakki ne. Mutanen nan sun bar ƙofa a buɗe ne bisa amana, kuma wanda ya shiga bai biya ba ya ci abin da ba nasa ba, ko a ƙasar Musulmi yake ko ba a ƙasar Musulmi ba. Ga kuma sunan da kake ɗauke da shi. Ran da aka tsayar da kai a tsakiyar tarago ana rubuta maka tara, ba kai kaɗai mutanen ke kallo ba, duk mai kama da kai da zai shigo gobe ya shiga ciki. Ku sani kuma a Berlin da wasu biranen, sayen tikitin takarda bai isa ba, sai an cusa shi cikin wata 'yar na'ura a dandamali ta buga masa lokaci. Masu gaskiya da yawa sun sha tara saboda rashin sanin wannan kaɗai.

Ladabin wurin ba baƙo ba ne ga wanda ya samu tarbiyya. A bar masu sauka su fito kafin a shiga. A Landan mai tsayawa a kan matakalar lantarki dama yake kamawa, ya bar hagu ga masu sauri. A sauke jakar goyo daga baya idan tarago ya cika. Tsoho, mai juna biyu, mai sanda, mai goyo, a tashi a ba su kujera, wannan kam kun iya tun daga gida, kada ku bari zaman birni ya kankare muku shi. Abin da ya fi yi mana wuya shi ne murya. Mu mutane ne masu gaisuwa da hira, idan an kira mu daga gida sai mun tambayi kowa da kowa har da awaki. A cikin jirgi ku sassauta, ko ku ce za ku kira in kun sauka. A Japan ma ba a amsa waya a tarago. Idan kun shiga kun ga ba mai kallon kowa, ba mai gaida kowa, kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Haka suke ba juna sarari a wurin da jiki ke gugar jiki. A Dubai ba a ci ba a sha a cikin jirgi, har cingam, tarar dirhami 100 ce.

Ku 'yan mata, 'ya'yana, akwai sauƙin da aka yi muku a wasu garuruwa. A Alƙahira akwai taragun mata a tsakiyar jirgi, a Delhi tarago na farko nasu ne, a Dubai akwai sashen mata da yara da aka shata da alama a ƙasa. Ku neme su, musamman lokacin cunkoso. Ku kuma samari ku dubi ƙasa kafin ku shiga, domin namijin da aka samu a sashen mata a Dubai shi ma dirhami 100 zai biya, ban da kunya.

Tufafinmu suna da kyau, ban ce ku ajiye su ba, amma ku tattare su. Bakin babbar riga, gefen mayafi, dogon hijabi, jallabiya mai jan ƙasa, duk matakalar lantarki na iya cafke su a haƙoranta, ƙofar jirgi ma na iya datse su. A naɗe a riƙe a hannu. Ku tsaya bayan layin da aka ja a bakin dandamali. A wasu tashoshin Landan za ku ji murya tana cewa Mind the gap, wato a kula da ramin da ke tsakanin jirgi da dandamali, kuma a tashar da ke da lanƙwasa ramin yana iya haɗiye ƙafar yaro. In waya ko takalmi ya faɗa kan dogo, ko da wasa kada ku sauka ɗaukowa, akwai ƙarfen da ke ɗauke da wutar lantarki mai kisa. A kira ma'aikaci, suna da abin ɗaukowa. Masu tafiya da yara ko tsofaffi, ku yi yarjejeniya tun a sama: in ƙofa ta raba mu, wanda ke cikin jirgi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cik, wanda aka bari ya biyo jirgi na gaba. Ku sa wa yaro da tsoho takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar waya. 'Yan sane kuwa duk duniya akwai su, kuma sun fi son bakin ƙofa lokacin turmutsutsu. Fasfo da kuɗi a aljihun ciki, jaka a gaba.

Jirgin da ke zuwa wani gari dabam hukuncinsa ya ɗan bambanta, kuma shi kuskurensa yana da tsada. Wanda ya taɓa shiga na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, ya san lambar tarago da lambar kujera. Ƙari a kan haka shi ne minti. In an rubuta 9:42, to 9:42 ne, kuma ana rufe ƙofa kafin nan. Tikiti mai rahusa sau da yawa na jirgi ɗaya ne tak, in ya wuce ka sai sabon saye. Babban gari kuma tasharsa ba ɗaya ba ce. Yadda Bakano ya san mai zuwa Haɗeja Yankaba zai nufa, haka a Landan mai zuwa Manchester ko Birmingham zai je Euston, mai zuwa Leeds ko Newcastle ya je King's Cross, mai zuwa Bristol ko Cardiff ya je Paddington. A Guangzhou tashar Kudu dabam, tashar Gabas dabam, da tazara mai yawa a tsakani, kuma a Sin da fasfo ake sayen tikiti, da shi ake shiga. A Jamus da Ingila akwai jirgin da ke rabuwa biyu a hanya, gaba ya yi wani gari, baya ya yi wani. Nuna wa ma'aikaci tikitinka ka tambaye shi ko taragon da kake ciki zai kai ka. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikacin da ke sanye da rigar aiki don haka aka ajiye shi. In harshe ya gagara, nuna masa sunan a rubuce.

Wannan ilimi har ibada yana taimaka wa. Tun 2010 akwai jirgin da ke ɗaukar alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, tun 2018 kuma jirgin Haramain ke haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kusan kilomita 450 cikin kimanin sa'a biyu da rabi, hanyar da mota ke shafe sa'o'i da dama ana gajiya. Ranar da Allah ya ba ɗayanku ikon raka mahaifiyarsa Umara, zai gode wa Allah da ya iya karanta allo, ya san dandamali, ya zaunar da ita a kujerarta ba tare da an wahalar da ita ba. Ku riƙa lissafa salla a cikin tafiyarku. A Ingila lokacin hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa, wanda bai yi shiri ba sai su wuce shi yana ƙarƙashin ƙasa. Ku fita da alwala, ku san masallacin da ke kusa da inda za ku sauka. Mai zuwa Whitechapel, alal misali, Masallacin Gabashin Landan na nan tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tasha.

Na san za ku ce duk wannan waya na yi. Gaskiya ne, manhajar taswira tana faɗin layi da fuska da minti, ni ma yanzu ina amfani da ita. Amma caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa a cikin rami, sanyi na kashe batir da wuri. Ku rubuta a takarda: sunan tasharku, layin, tashar ƙarshe, inda za ku canja, ƙofar fita. Ku kuma san lokacin jirgin ƙarshe, domin a birane da yawa ana rufewa wajen tsakar dare.

Abin da na roƙi ɗan ƙanwata shi nake roƙonku. Ranar isowa, da gajiya da manyan akwatuna, in an samu mai tarba ko an ɗauki tasi babu laifi. Amma kada mako ya cika ba ku sauka tasha ba. Ku zaɓi ranar hutu da hantsi, lokacin da babu cunkoso, ba kaya a hannu, ba wanda ke jiranku. Ku yi bismilla, ku yi addu'ar hawa abin hawa, ku tafi tasha uku ku dawo. Washegari ku gwada canjin layi. Idan ƙafarku ta saba, ku waiwaya: za ku ga wani sabon zuwa tsaye gaban taswira yana jujjuya takarda, wataƙila ɗan Maraɗi, wataƙila ɗan Kumasi, wataƙila wanda ba ku haɗa harshe da shi ba. Ku yi masa sallama, ku tsaya da shi minti biyar kamar yadda dattijon nan ya tsaya da ni. Allah ya kai ku lafiya, ya ba da abin da aka je nema, ya dawo mana da ku lafiya.